Gardamar da Aka Bari a Ƙum

Tun da na dawo daga Iran ban huta da tambaya ba. In na fito daga sujada ranar Lahadi dattawan coci na jirana a bakin ƙofa, in na shiga Samaru gaida tsofaffin abokan aiki kafin in zauna an fara. Maƙwabcina Okoro mai sayar da kayan babur har yau in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ayatullah, ina kwana." Matata Saratu kuwa ta ce ta ji labarin nan kala biyar daga bakina, kowanne da nasa gishirin, gara in rubuta guda ɗaya in tsaya a kansa. To ga shi na zauna. Duk wanda ya ƙara tambayata abin da ya kai Bitrus, tsohon malamin sakandare kuma ɗan ƙungiyar mawaƙan coci, Ƙum, birnin malaman Shi'a, takardar nan zan miƙa masa.

Malam Sadisu ne ya kai ni. Mai gyaran agogo ne a Sabon Garin Zariya, shagonsa ba ya ɗaukar fiye da tebur da benci ɗaya. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce na kai masa agogon hannuna da ya tsaya, ya ga littafin darasin gwamnati a hannuna, ya tambaye ni abin da nake koya wa yara. Na ce tsarin mulki. Ya ce daga ina ya fito? Na ce daga Turai mana, ina kuma. Sai ya cire ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido ɗaya, ya dube ni sosai, ya ce, "Ticha, zauna." Agogon bai gyaru ranar ba, sai da na yi zuwa uku.

Abin da ya gaya mani ranar, ya kuma yi ta maimaitawa shekara da shekaru, shi ne su ma malamansu na Shi'a sun iso ga tsarin mulki ta tasu hanyar. "A wurinmu," in ji shi, "mulkin gaskiya na Imami ne, wanda Allah ya kare daga kuskure. Imamin kuma yana ɓoye, ba mu san ranar bayyanarshi ba. To duk wanda ka gani a kan kujera kafin ranar, ko rawani ne a kanshi ko hular soja, direban haya ne, motar ba tashi ba ce. Direban da ba shi ke da mota ba, kuma yana iya gyangyaɗi, me za ka yi mashi? Sai ka rubuta mashi sharuɗɗa, ka sa fasinja su zaɓi waɗanda za su zauna gaba su sa mashi ido."

Ya ce fiye da shekara ɗari da suka wuce mutanen Iran sun tashi wa sarkinsu, sun rufe kasuwanni, sun ce sai an kafa majalisa. Manyan malaman da ke zaune a Najaf, can Iraƙi, suka mara masu baya da fatawa, ɗayansu har ya rubuta ɗan littafi yana kafa hujja daga fiƙihu. Wasu malaman kuma suka ce sam, majalisar da ke kafa doka gogayya take yi da shari'a. Rigimar ta yi zafi har jini ya zuba. Ni dai ban taɓa yarda da shi ba. Na ce kayan Turawa ne aka aro aka naɗa wa rawani. Ya ce ni ne na haddace littafin jarrabawa na ɗauka duniya ta ƙare a nan. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya, mu yi ta yi har a kira magariba ya tashi alwala, ni kuma in kama hanyar gida. Waɗannan yammacin su ne mafi daɗin rayuwata, ban kuwa san haka ba sai yanzu.

Daga baya ciwon suga ya cinye masa ido. Ya daina gyara amma bai daina zuwa shago ba, ni ma ban daina ba. Wata rana da la'asar ya ce in matso, yana da maganar da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Yana saurayi ya yi karatu shekara biyar a Ƙum. A can akwai al'adar da suke kira mubahasa: kowane ɗalibi yana da abokin karatu guda, in an tashi daga darasi sai su zauna su biyu, ɗaya ya maimaita karatun, ɗaya ya yi ta kawo masa suka, gobe kuma a juya. Nasa abokin sunansa Yadullah, mutumin Tabriz a arewacin Iran. Yadullah ne ya kawo ɗan littafin nan na malamin Najaf ya ce su karanta tare. Sadisu kuwa lokacin jininsa na tafasa, yana ganin malami ne ya kamata ya riƙe komai ba tare da wani sharaɗi ba. Suna tsakiyar littafin ya miƙe a tsakar makaranta, gaban ɗalibai, ya kira Yadullah ɗan koren Turawa.

"A shekarun nan, Ticha, wannan kalma ba zagi ba ne kawai. Tana rufe ma mutum ƙofofi." Bayan wata biyu mahaifinsa ya rasu, ya dawo Zariya, bai sake komawa ba. A nan shagon ya karanta littafin shi kaɗai, a hankali ra'ayinsa ya juya. "Ina so in je in ce mashi shi ke da gaskiya, ya yafe mani, kafin ɗayanmu ya mutu. Ban ma san ko yana raye ba."

Babban ɗansa ya ce ba zai raka uba roƙon gafara kan zagin da shi ɗan yake ganin daidai ne ba. Sai Malam ya sayar da ɗan filinsa na Hanwa ya ce da ni, "Kai ka yi ritaya, idonka biyu garau, bakinka kuma ba ya gajiya." Na kai maganar gida ina tsammanin Saratu za ta hana. Sai ta ce, "Mutumin da ya ɗauke mani surutunka shekara ashirin, ai dole a raka shi." Ta ɗaura mani yaji a leda uku.

Wahalar biza ba zan ɓata takarda a kanta ba, Abuja dai ta san fuskarmu. Ranar tafiya muka shiga motar Kano da sassafe, kuma tun a tasha na fara cin gyara. Na kama hannun Malam ina jan sa tsakanin motoci, sai ya coge ya ce, "Ticha, ni ba akuya ba ne. Ba ni gwiwar hannunka, ka yi gaba, in ka ga rami ka faɗa." Haka muka yi har muka dawo, yatsunsa a gwiwar hannuna, kuma da yadda yake matsawa nake gane abin da ke ransa. A jirgi ya sa na ƙara awa biyu da rabi a agogona. Na ce wace irin ƙasa ce ke da rabin awa? Ya ce ƙasar da ko da rana sai sun yi gardama.

A filin jirgin Tehran jami'in da ke duba fasfo ya tambayi inda za mu, Malam ya amsa da Farisancinsa da ya yi tsatsa. Jami'in ya dubi sunana ya tambayi addinina. Da ya ji Kirista ne sai ya ajiye biro, ya ce me Kirista zai yi a Ƙum? Na fara hango kaina a jirgin komawa. Malam ya faɗi kalma biyu ko uku, jami'in ya dube shi, ya dube ni, ya dafa ƙirji ya miƙo mana takardunmu. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Na ce kai ne idona." A wajen duba kaya kuma goron da muka ɗauko tsaraba ne ya tsayar da mu. Mutum uku suka taru a kansa suna juyawa. Malam ya ce su ɗanɗana. Babbansu ya gatsa, fuskarsa ta yamutse, ya tambaya ko magani ne. Da aka ce masa da shi muke neman aure sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce, Allah ya ji ƙan matanmu.

A Ƙum muka sauka a wani masaukin masu ziyara, na wani dattijo mai suna Aga Karim. Lokacin sanyi ne, irin wanda ban taɓa sanin akwai shi ba, rigar sanyin da na saya a kasuwar Sabon Gari kuwa kamar ban sa komai ba. Ruwan famfonsu gishiri-gishiri ne, shayi kuma ba madara, ba a zuba masa sukari, sai dai ka danne ƙwayar sukarin a baki ka riƙa kurɓa. Burodinsu falle ne mai tsawo da ake gasawa a kan tsakuwa mai zafi. Ba wanda ya gaya mani a duba kafin a ci, sai da haƙorina na dama ya gaya mani. Banɗaki yana da nasa silifa, kuma ranar farko na fito da shi na taka dardumar falo har tsakiya. Matar gidan ba ta ce komai ba, amma da yamma na ga an shanya dardumar.

Babban abin kunyata shi ne na kwat. Aga Karim yana da wata doguwar kwat ta ulu, na ce wa Malam ya gaya masa ta yi kyau. Nan take mutumin ya tuɓe ta ya miƙo mani da hannu biyu, ya ce tawa ce. Na ce a raina lallai akwai mutanen kirki a duniya, na yi godiya, na zura. Mutanen falon suka dubi juna. Malam ba ya gani, don haka bai san abin da ya faru ba sai da muka fito ya kama gwiwar hannuna ya ji ulu.

"Ticha, rigar wa ce wannan?"

"Kyauta aka yi mani."

"Sau nawa ka ce a'a?"

"Don me zan ce a'a? Sanyi nike ji."

Ya tsaya a tsakiyar titi ya yi salati. Ashe a can in ka yaba abu dole mai shi ya ce naka ne, kai kuma dole ka ƙi, ya nace, ka ƙi, har kowa ya fita kunya. Mu ma a gida mukan ce wa mai wucewa bismillah ba don ya zauna ya cinye tuwon ba, amma su sun kai abin har kan sutura. Mayar da kwat ɗin ya fi karɓarta wuya, don yanzu shi ne ke ƙi ni ke nacewa. A ƙarshe ya karɓa, ya ɗauko mani wata tsohuwa ta ƙanensa, wannan karon da gaske, bayan na ƙi sau uku ina rawar ɗari.

Rana ta uku muka je tsohuwar makarantar Malam. Muna shiga tsakar gidan na ja da baya, na ce masa faɗa ake yi. Ko'ina mutum biyu-biyu ne zaune a ƙasa, littafi a tsakani, suna ɗaga murya suna nuna wa juna yatsa, har da masu furfura. Malam ya ce in bar shi ya tsaya. Ya daɗe yana saurare, kansa a karkace, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wannan ita ce mubahasa. Ba abin da ya canza, har ƙarar ruwan tafkin nan." Na dubi yadda suke yi, sai na ga ai bencin shagon Sabon Gari ne aka baza a fili. Ashe shekara ashirin ina yi wa mutum aikin abokin karatu ban sani ba, ko takardar shaida babu.

Ba wanda ya san Yadullah cikin malaman yanzu. Sai wani tsoho mai sayar da littattafai a bakin ƙofa ya tuna shi. Ya ce ɗalibi ne mai kaifi, kowa na zaton zai zama babban malami, amma aka yi wata magana a kansa, abokan karatu suka riƙa gudunsa, bayan ɗan lokaci ya tattara ya koma Tabriz yana koyar da yara. Tsohon bai san da wa yake magana ba. Yatsun Malam suka nutse a hannuna har sai da na ji zafi. Kwana biyu mai littattafan yana buga waya nan da can kafin ya samo lambar 'yar Yadullah. Ta ce mahaifinta na raye, amma zuciyarsa ba ta da ƙarfi. Ta gaya masa wanda ke nemansa. Bai ce komai ba, in ji ta, amma bai ce kada mu zo ba.

Tafiyar Tabriz yini guda ce cur a bas. A hanyar na fara ganin ƙanƙara kwance a kan duwatsu, ina ba Malam labari yana cewa in rage ƙauyanci. Fasinja suka yi ta miƙo mana lemo da 'ya'yan kabewa soyayyu, ni kuma yanzu na zama gwani, ina ƙi sau biyu in karɓa a na uku. Malam bai ci komai ba. Leɓɓansa na motsi tun daga Ƙum, na ɗauka tasbihi yake, ashe jawabin neman gafararsa yake bita.

Washegari da hantsi 'yar, Maryam, ta zo masaukinmu ta ɗauke mu. Lauya ce, ta kai shekara arba'in, tana jin Turanci, kuma ita ta zama kunnena a gidan. Mahaifinta ɗan siririn tsoho ne, yana zaune a ƙasa an jingina shi da matashi, bargo a ƙafafunsa. Suka gaisa da Malam kamar waɗanda suka rabu jiya a kasuwa, ba runguma, ba komai. Aka ce sai an ci abinci. Aka kawo shinkafa da miyar ganye, sannan Maryam ta ɗauko faranti na musamman ta ajiye a gabana da girmamawa. Na duba, ƙanzo ne. Ƙanzon gindin tukunya, wanda a gidanmu yara ke faɗa a kai a bayan ɗaki, shi ne abin karrama baƙo a can. Na ci, kuma gaskiya ya yi daɗi, na kasa dai daina tunanin abin da Saratu za ta ce.

Da aka kwashe kwanuka Malam ya ce in kai shi gaban mutumin. Ya durƙusa irin namu, gwiwa biyu a ƙasa, ya cire hula. Maryam na gaya mani a hankali abin da yake faɗa. Ya ce ya zalunce shi, ya ɓata masa suna, ya tare masa hanya. Ya ce ya karanta littafin daga farko har ƙarshe ya gane cewa Yadullah ne ke da gaskiya a kan komai. Ya roƙe shi ya yafe masa domin Allah.

Tsohon ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Wa ya gaya maka ina da gaskiya a kan komai?"

Malam ya ɗago kai.

"Zagin ya yi mani ciwo," in ji Yadullah, "ba zan ɓoye maka ba. Ƙofofin da ya rufe sun rufu, na sami wasu ƙanana na shiga. Amma ranar nan, kafin ka zage ni, ka kawo suka mai kyau. Ka ce in majalisar da aka kafa don ta tsare sarki ta haɗa kai a kan zalunci, wa zai tsare ta? Ban da amsa a lokacin. Kafin in nemo ka tashi a tsakiyar darasi ka tafi. Shekara talatin da wani abu ina shirya maka amsa, ina jiran ka zo ka rushe ta. Yanzu ka taso daga ƙarshen duniya ka ce mani ka yarda. Me zan yi da yardarka?"

Malam ya ce shi ko tambayar ma bai tuna ba. Ya ce ba shi da sauran abin musu, gafara kawai ya zo nema. Tsohon ya juya fuska wajen taga ya ce wa 'yarsa ta kawo wa baƙi shayi, sun sha hanya. Ko ba a fassara mani ba na san sallama ce. Na dubi abokina durƙushe, hula a hannu, makaho, ya sayar da filinsa ya ƙetare duniya, za a sallame shi da kofin shayi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya neman izini.

Na ce wa Maryam, "Ki gaya masa in suka yake so, ni ina da ita."

Malam ya laluɓo ƙafata ya mintsine ni. Ban kula shi ba. Na ce ni Kirista ne, daga garin da muke zaune tare da Musulmi gida na jikin gida. Na ce na ji labarin direban haya da fasinja har na haddace. To a motar nan da malamanku suka sa wa albarka, ni fasinja ne ko kaya ne a but?

Tsohon ya juyo. Ya sa aka gyara masa matashi ya miƙe zaune. Ya ce wannan tambaya tana cikin abubuwan da suka raba malaman wancan zamani gida biyu. Masu adawa sun ce ba za a daidaita Musulmi da wanda ba Musulmi ba a gaban doka. Masu goyon baya suka ce wanda ke zaune a ƙasa, yana ɗaukar nauyinta tare da kowa, yana da haƙƙin ya zaɓi wakilinsa ya sa ido a kan mai mulki.

Na ce, "Na ji, an ba ni kujera. Tuƙi fa? Zan iya karɓar sitiyari?"

Ya ce, "A wurinsu, a'a." Na ji daɗi da bai yi mani kwana-kwana ba. Na ce to ban gamsu ba. Ya ce bai kamata in gamsu ba, ya fara bayanin dalilin da ya sa a ganinsa hujjar malamin Najaf ba za ta iya wuce nan ba.

Sai na ji murya daga ƙasa. "Ba haka ba ne."

Malam ne, har yanzu a durƙushe. Ya ce in dai asalin hujjar ita ce ba ma'asumi, wato wanda ba ya kuskure, a kan kujera, to ba ta tsaya inda Yadullah ya tsayar da ita ba, shi ne dai ya ji tsoron bin ta har ƙarshe. Tsohon ya ce a ɗauko littafin. Malam ya ce ba ya bukata, ya karanto wurin da ka. Tsohon ya ce ya tsallake layi. Malam ya gyara zama ya tanƙwashe ƙafa, ya mayar da hularsa, ya ɗaga yatsa yana nuna inda yake zaton mutumin yake, ya ɗan kauce hagu, sai na juya masa hannun. Daga nan Farisanci ya ɓarke da gudu, tsatsar duk ta kakkaɓe. Maryam ta daina fassara. Ta zauna a bakin ƙofa tana dariya tana share ido da gefen mayafi, ta ce rabon da ta ji muryar babanta haka tun tana yarinya. Shayin da aka kawo na sallama ya huce a wurin ba wanda ya taɓa.

Kwana huɗu muka yi a Tabriz, kullum daga hantsi har la'asar suna abu ɗaya. Wani lokaci su juyo kaina su ce in raba, in na raba kuma su haɗu su far mani. Ranar rabuwa tsohon ya sa aka kai shi har bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce ya gode da na riƙe masa abokinsa da kaifi. Amma kalmar da muka je nema ban ji ta ba. A jirgi na tambayi Malam ko an faɗe ta da Farisanci ta wuce ni. Ya ce a'a, bai faɗa ba. Na ce to mun yi asarar tafiya ke nan? Ya ce, "Ya ce ranar Alhamis in kira shi, nawa ne juyin kawo suka." Ya gyara kujera ya yi barcinsa, ni kuwa abin ya tsaya mani a rai.

Haka aka yi ta yi. Duk Alhamis bayan la'asar ina riƙe masa waya a shago, su biyu suna ta ɗaga murya, masu wucewa na leƙowa su ga ko lafiya. Da damina ta tsaya sosai ciwon ya kwantar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. A wurin jana'iza na tsaya daga gefe, na ji ana sanarwa kamar yadda aka saba, duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Mutane suka amsa. Ni kuwa na san akwai mutum ɗaya da ba ya wurin.

Da na koma gida na kira Maryam na gaya mata. Na ce ta gaya wa mahaifinta al'adarmu, kuma ni ne ke roƙo a madadin abokina, ina so in ji da kunnena. Na ji ta tana magana, na ji tsohon ya yi addu'a, sannan ya yi mata wata magana.

Maryam ta ce, "Ya ce laifin farkon ya yafe, duniya da lahira, ka shaida. Ya ce amma ga shi ya sake tashi a tsakiyar darasi, wannan kam zai ɗauke shi lokaci."

Saratu ta karɓi wayar ta riƙe mani a kunne.

"Yana tambaya," in ji Maryam, "ranar Alhamis wa zai musa masa?"

Na ce ni ba na jin Farisanci, ban san fiƙihu ba, ko alwala ban iya ba. Ta gaya masa. Ta ce ya ce duk ya san wannan, ita za ta fassara, kuma har yanzu bai gama da maganar sitiyari ba.

Yau Laraba. Na cika shafi biyu da abin da zan gaya masa gobe, don amsar da ya ba ni makon jiya ban yarda da ita ba ko kaɗan.